Katin Gaisuwa Na Hannu: Yanke Farashi Da Sayarwa Ba Tare Da An Ci Uwar Kuɗi Ba

Darasinmu na wannan fitowa a shafin sana'a da tattalin gida ya shafi wata ƙaramar sana'a wadda matasa da mata sukan taɓa a Mubi da kewaye idan ƙarshen shekara ya gabato, wato yin katin gaisuwa da hannu. Koyon aikin ba shi da wuya. Yarinyar da ta iya riƙe almakashi, kuma tana da idon gane launin da ya dace da ɗan'uwansa, za ta iya cikin 'yan makonni. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin yanke farashi. Sau da yawa mai yin kati yakan sayar da dukan abin da ya yi, jama'a su yaba, aljihu ya yi nauyi na kwana biyu, amma ranar da ya koma kasuwa sayen kayan aiki sai ya tarar kuɗin hannunsa ba su kai su sayi abin da ya fara da shi ba. Ya yi ciniki, ya kuma ci uwar kuɗi bai sani ba.

A gari kamar Mubi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoba 2014, aka kuma ƙwato shi a Nuwamba na wannan shekara, iyalai masu yawa a nan da Michika da Uba da Hong sun sake kafa rayuwa daga tushe. Jarin da uwa ta ba 'yarta ta fara sana'a sau da yawa daga adashi ya fito, ko daga buhun masarar da aka sayar. Idan ya narke, ba lallai a sami na biyu ba.

Abin da mai saye yake biya

A shekarar 1843 ne wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti na farko na sayarwa a birnin Landan. Mai zane John Callcott Horsley ya zana shi, aka buga guda 1,000, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar da kowane a kan sule ɗaya. Dattawan da suka yi ciniki kafin naira ta zo a 1973 sun san sule kwabo 12 ne. A lokacin kuwa, tun daga 1840, kwabo ɗaya ake biya a aika wasiƙa ko'ina cikin Ingila. Ke nan katin ya ninka kuɗin aika shi sau 12. Sai da injin buga launi ya yawaita kafin kati ya yi araha har talaka ya iya saye. Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko, katin da hannu ya taɓa yana da tsada.

A ƙasarmu katin shago ya yi zamaninsa. Waɗanda suka yi makarantar kwana kafin shekarar 2000 suna tuna yadda ake jiran katin fatan nasara kafin jarrabawar WAEC, da yadda ake rataye katunan Kirsimeti a zare daga wannan bango zuwa wancan a falo. Da wayar salula ta shigo a 2001, saƙon tes ya fara cin wannan kasuwa, daga baya WhatsApp da Facebook suka ƙarasa ta. Yau mutum yana iya gai da mutum ɗari cikin minti ɗaya, da hoto da waƙa, kusan kyauta.

To, me ya rage wa mai yin kati da hannu? Kada ya yi gasa da waya wajen isar da gaisuwa, domin waya ta riga ta yi nasara. Wanda ya zo sayen katin hannu a yau kyauta yake nema, abin da za a riƙe, a ajiye a kan kabad, a nuna wa baƙo. Yana son sunan mahaifiyarsa a jiki, yana son gaisuwar da harshen da take ji. Katin da aka shigo da shi daga waje yana ɗauke da dusar ƙanƙara da itatuwan da ba a taɓa gani a gindin duwatsun Mandara ba, rubutunsa kuma Turanci ne. Babu kamfanin da zai buga kati da Kamwe, ko Margi, ko Gude, ko Fali, ko Kilba, domin masu sayensa ba su kai yawan da zai biya shi ba. Ko da Hausa da Fulatanci ma ba kasafai ake samu ba. Wannan fili na mai aikin hannu ne shi kaɗai, kuma wanda ya gane haka ba zai kwatanta farashinsa da na katin shago ba.

Lissafin uwar kuɗi

Bari mu ɗauki misali. Kuɗaɗen da za mu ambata na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya je kasuwa ya sa farashin ranar a madadinsu.

A ce wata yarinya za ta yi kati 40. Babban fallen kwali ɗaya, idan aka yanka shi da kula, yana ba da ƙananan katuna takwas, don haka tana bukatar falle biyar. A ce kowane N400 ne, ya zama N2,000. Ambulan 40 a kan N50, N2,000. Gam N1,000. Farar ledar da za a sa kowane kati a ciki, N1,000. Zare da duwatsun ado da tawada, N2,000. Yawancin masu sana'ar a nan suke tsayawa da lissafi. Amma akwai kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa da dawowa, da zuwa kai wa masu saye, a ce N1,000. Akwai kuma almakashi da reza da rula da alƙaluman launi, waɗanda ba sa ƙarewa a aiki ɗaya amma suna tsufa, wata rana sai an sake su. A ware musu N1,000. Jimla N10,000, wato N250 a kan kowane kati.

Yarinyar ta ga N250, sai ta ce za ta sayar N300, ta ci ribar N50. Nan ne kuskuren yake, kuma kashi biyu ne.

Na farko, ba duka 40 za su zama kuɗi ba. Ɗaya tawada za ta zuba a kai, ɗaya za a yi kuskuren rubuta suna, biyu kuma za su kwana har lokacinsu ya wuce. Idan 36 aka sayar a kan N300, an sami N10,800. Abin da ya hau kan uwar kuɗi N800 ne, ba N2,000 da ta zata ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, ba ta sa kuɗin aikinta ba. Idan kowane kati yana cin rabin awa, daga yanka zuwa liƙawa zuwa rubutu, kati 40 awa 20 ke nan. N800 a kan awa 20, N40 ke nan a kowace awa. Babu wanda zai yarda ya yi maka ƙodago a gona a kan wannan. Amma da yake aikin a tsakar gida ake yinsa, da yamma, ana hira, sai a ɗauka lokacin ba shi da daraja. Mata ne suka fi faɗawa cikin wannan, domin an saba ganin aikin hannunsu a gida kamar abin da ba a biya.

Nawa za a sa wa awa ɗaya? Ga wani ma'auni mai sauƙi. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi a kan N70,000 a wata. Idan ma'aikaci yana yin awa 40 a mako, wajen awa 160 ke nan a wata, kowace awa ta tashi kimanin N440. Mai sana'ar hannu bai kamata ya sa wa kansa ƙasa da wannan ba, sai dai idan yana cikin koyo. Awa 20 a kan N440 ya zama N8,800. A haɗa da N10,000 na kaya, N18,800. A raba wa katuna 36 da za a sayar, ba 40 da aka yi ba: kowane ya tashi kusan N520. Wannan shi ne ainihin abin da katin ya ci. Ba a kai ga riba ba tukuna.

Wani zai ce, ai kuɗin aikin shi ne ribar. A'a. Kuɗin aiki ladan gumi ne, shi za a ci, a sayi sabulu, a biya kuɗin makaranta. Riba kuwa ta sana'ar ce, da ita za a ƙara jari, da ita za a tsaya ranar da ciniki ya faɗi. Idan aka ɗora kashi 20 cikin 100 a kan N520, an kai N624. A cike shi N650. Katin da yarinyar ta so ta sayar N300, farashinsa na gaskiya ya fi ninki biyu.

Na san abin da mai karatu zai ce: wa zai sayi kati N650 a Mubi? Tambaya ce mai kyau, kuma gara a yi ta kafin a yanka kwali. Idan kasuwa ba za ta ɗauka ba, maganin yana wurin rage abin da katin ya ci, musamman lokaci. Wanda ya yanka dukan kwalin a zama ɗaya, ya ninke duka, sannan ya liƙa duka, ya fi sauri ƙwarai a kan wanda yake gama kati ɗaya kafin ya soma wani. Idan rabin awa ta koma minti 15, kuɗin aiki ya ragu da rabi, abin da katin ya ci ya sauka zuwa N400. Haka nan kayan ado: tela zai ba ka guntayen atamfa da ya share daga ƙasa kyauta ko da ɗan abin goro, ga ɓawon masara, ga karan dawa, ga fasasshiyar ƙwarya. A Kenya da Yuganda da ɓawon itacen ayaba ake yin katunan da baƙi suke saye su kai ƙasashensu. A ganina katin da aka yi wa ado da guntun atamfa ya fi kyau nesa da wanda aka cika da ƙyalƙyali na roba, ya kuma fi araha. Girman kati ma abin lura ne: a yanka shi daidai da ambulan da ake samu a kasuwa. Rabin takardar A4 idan aka ninke shi biyu yana shiga ƙaramin ambulan ba tare da an sake yanka ba. Idan kuwa an yi duk wannan amma farashin bai sauka inda mai saye zai iya ba, to wannan samfurin ba na sayarwa ba ne, a bar shi a gwada wani.

Farashin jiya da farashin yau

Yawancin takarda da kwali da ake amfani da su a Nijeriya daga waje ake shigo da su, domin manyan masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su cika burin da aka kafa su dominsa ba. Saboda haka duk sa'ad da dala ta motsa, kwali ya motsa. Ga kuma nisa: kaya sai sun hau mota mai dogon zango kafin su iso Mubi. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Masu ƙananan sana'o'i sun ji a jikinsu.

Darasin da wannan ya bari shi ne a yi lissafi da farashin da za a sake sayen kayan, ba da wanda aka saya da shi ba. Idan ka sayi kwali N400 a watan Satumba, a Disamba ya koma N500, to N500 za ka sa a lissafi ko da tsohon kwalin kake yankawa. Wannan ba cutar mai saye ba ce. In ba haka ba, jarin da ya sayi falle biyar zai dawo yana sayen huɗu.

La'adar mai shago

Wanda ya kai katunansa shagon littattafai ko na kayan kyauta, mai shago zai nemi la'ada. A ce ya nemi kashi 25 cikin 100 na kuɗin da aka sayar. Mutane da yawa sai su ɗora kashi 25 a kan N650, su sami kimanin N810. Amma mai shago daga N810 ɗin zai cire nasa, wato sama da N200, abin da zai dawo bai kai N610 ba. Hanyar daidai ita ce a raba N650 gida uku, domin shi ne kashi uku cikin huɗu na farashin shago, sannan a ƙara kashi na huɗu: kusan N870. A rubuta adadin da aka bari a shagon, da ranar da za a zo karɓa, kowa ya sa hannu. A kuma daidaita tun farko wa zai ɗauki hasarar katin da rana ta kashe wa launi a bakin taga.

Lokutan ciniki

Kirsimeti da sabuwar shekara kowa ya san su, kuma wanda bai fara aiki a Oktoba ba ya makara. Amma dogara ga Disamba kaɗai shi ke sa sana'ar ta zama ta wata ɗaya. Mubi garin ɗalibai ne: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002, ga makarantun sakandare. Bikin rantsar da sababbin ɗalibai, bikin yaye su, lokacin WAEC da NECO daga Mayu zuwa Yuli, duka ranakun kati ne. Akwai Ista, akwai aure da suna da baftisma. Maƙwabtanmu Musulmi suna da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, katin barka da Salla mai tsabta da ladabi yana da masu saye a ɓangarorin biyu. Baƙin da suke ƙetarowa daga Kamaru cin kasuwa za su so gaisuwa da Faransanci, amma a nemi wanda ya iya harshen ya duba rubutun.

Mafi riba a cikin duka shi ne babban kati na oda: na ban kwana da fasto ko shugaban makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, na ma'aikacin da ya yi ritaya, na tsohuwar da 'ya'yanta suke yi wa bikin cika shekara 70. Mutum ashirin ko talatin ne suke haɗa kuɗin, kowa ya sa hannu a ciki, don haka farashin ba ya yi wa kowa nauyi. Kuma ba ya kwantai, tun da sai an nema ake yi. A irin wannan a karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, mai oda kuma ya rubuta sunan da kalmomin da hannunsa ko ya turo ta waya. Katin da aka rubuta wa sunan wani ba ya sayuwa ga wani.

Zumunci da ciniki

Yanzu mu zo kan abin da ya fi cin jarin 'ya'yanmu, wanda ba ya cikin lissafin da muka yi a sama. Masu sayen farko na kowace ƙaramar sana'a 'yan'uwa ne: gwaggo, 'yan Zumuntar Mata, abokan ƙungiyar mawaƙa. Wannan albarka ce, amma tana da ƙaya. Gwaggo za ta ɗauki kati uku ta ce, “'Yata, ni ma sai na biya?” Wani zai ce zai kawo kuɗin ranar Lahadi, Lahadi ta zo ta wuce, yarinyar kuwa kunya ba za ta bar ta ta tambayi sa'an mahaifinta N650 a bakin ƙofar majami'a ba. Kafin Janairu rabin katunan suna cikin gidajen mutane, kuɗinsu yana bakin alkawari.

Ga masu sana'a, shawarata ita ce ku raba kyauta da ciniki tun kafin ku fita. Ku ware katunan da za ku bayar, biyu ko uku, ku rubuta su a littafi a matsayin kyauta daga kuɗin aikinku, ku bayar da zuciya ɗaya. Sauran kuwa a liƙa musu farashi a bayan leda. Farashin da aka rubuta yana ɗauke wa yaro nauyin faɗa da baki a gaban babba. Al'adar kasuwarmu ta tayi ce, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, har a daidaita. Wanda zai tsaya a kasuwa ya bar ɗan wurin ragi a sama, amma ya san adadin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, shi ne N520 a misalinmu. Ga wanda ya sayi goma, gara a yi masa gyara da kati ɗaya da a karya farashin duka. Idan ta waya aka biya, a ga kuɗin a cikin asusu tukuna, kada a dogara da saƙon da mai saye ya nuna a tasa wayar.

Ga mu iyaye da manya kuma, nauyin ya fi. Idan kana so ka ƙarfafa yaron da ya kama sana'a, ka biya shi cikakken kuɗi nan take. Wanda zai biya mai shago a kasuwa ba gardama, amma ya nemi ragi wurin marainiyar da suke sujada tare, ya sake duba al'amarin. Haka kuma a kiyaye wurin sujada: a nemi izinin shugabanni kafin a baje kaya, a yi shi a waje bayan an tashi, ko a ranar da ikilisiya ta keɓe don baje kolin sana'o'i.

Mai yin katin shi ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke. Kada ya nuna samfuri mai kauri ya kawo mai laushi. Kada ya kwafi zanen wani ya ce nasa ne. Katin aure da aka kawo bayan an watse ba shi da amfani, don haka wanda ya san ba zai gama ba kada ya karɓi kuɗi.

Aikin gida

Kowane iyali da ke da mai wannan sana'a, ko wata irinta kamar saƙa ko yin sabulu, su zauna tare da littafi mai layi. A shafin hagu a rubuta duk abin da ya fita har da kuɗin mota, a shafin dama abin da ya shigo, a ƙasa kuma awoyin da aka yi. A sa agogo a auna kati biyar a jere, domin kusan kowa yana zaton ya fi sauri a kan yadda yake. Kuɗin sana'ar a ajiye su dabam da kuɗin cefane, ko da a gwangwani ne.

Katunan da suka kwana kuma kada a zubar da su a kan rabin kuɗi a makon farko na Janairu, domin masu saye za su koyi jira. A guji rubuta shekara a jikin katin Kirsimeti sai wanda aka yi oda. A rufe ragowar cikin leda saboda ƙurar hunturu, a shimfiɗa su a kwance ƙarƙashin wani abu mai nauyi don kada su lanƙwashe, a ɗaga su daga ƙasa kafin damina, a kuma duba su lokaci lokaci saboda gara. A watan Nuwamba mai zuwa su ne za a fara fitarwa, da farashin wannan lokacin.